Larabar Baƙi

Ku ukun nan kun daɗe kuna riƙe da wata magana a kaina, na kuma san ba a gabana kuke yin ta ba. Bintu ce kaɗai ta taɓa fitowa fili, ranar da aka yi wa kakarku addu'a, muna tsaye a tsakar gida ana ta kai da kawo da kwanuka.

"Mama," ta ce, "ke fa farfesar likitanci ce. Amma ko sau ɗaya ban taɓa ganin kin ɗaura wa Kaka abin awon jini ba."

Ban ba ta amsa ba a ranar, don gida cike yake da mutane. Kuma gaskiya ta faɗa, ban taɓa ba. Har mahaifiyata ta koma ga Allah ban san jininta nawa yake hawa ba, ban san sunan ƙwayar da take sha ba. Yanzu da na ajiye aiki, ba mai jirana a aji, bari in zauna in gaya muku dalili, don kada ku tafi da tunanin uwarku ta kula da iyayen mutane ta bar tata.

Ni 'yar fari ce. Ku da kuka tashi ina kiran Aliyu, ɗana na fari, da sunansa gatsau, har in ja masa kunne a gaban baƙi, ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A gidanmu na Jibiya uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido in da mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni Katsina wurin Iya, kakata ta wajen uwa, a can na tashi cikin ƙannen mahaifiyata. Su suna ce mata Yaya, ni ma na bi sahu, har na tsufa Yaya nake ce mata. In na zo hutu, magana ba ta taso daga bakinta ta iso ni kai tsaye, sai ta bi ta kan wani. Ga ni zaune a gabanta, sai ta juya ga antinku Auta ta ce, "Ki tambayi baƙuwarku ko ta ci abinci." In ba kowa a kusa, kaza ma ta ishe ta aike. Na taɓa jin ta tana gaya wa wata baƙar kaza cewa wasu mutane sun rame, ba su san a ƙara tuwo ba, ni kuwa na tashi na ƙara. Da na gama karatun likita sai na samu ƙarin girma, daga baƙuwarku na koma likitarku. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, ku ma kada ku ɗauka. Na san wa take ɓoye wa man shanu a ƙasan kwano.

Aikina kuwa, kun girma kuna jin ana cewa Mama tana bincike, na tabbata har yau akwai wanda a cikinku yake zaton kwalabe nake leƙawa. Ni sashen likitancin iyali na zaɓa a jami'a, wato likitan da mara lafiya yake fara isa gabansa da kowane irin ciwo, kafin a san inda za a tura shi. Abokan karatuna masu fiɗa suna tsokanata da likitar mura da ciwon kai. Ina ce musu duk wanda suka yanka, da ya faɗo hannuna da wuri da wuƙarsu ta yi tsatsa. Daga baya aka ɗora mini haɗa kan binciken da ake yi a ƙananan asibitoci. Ni ce mai zagayawa in tabbatar ma'aikacin Riko da na Bugaje tambaya iri ɗaya suke yi, awo iri ɗaya, su zaunar da mutum ya huta kafin su ɗaura masa na'ura. Ni ce mai neman batir, mai rarrashin wanda ya gaji, mai faɗa da wanda ya cike takarda daga kansa. Ba aiki ne mai kawo suna ba, in takarda ta fito sunan mai haɗa kai yakan maƙale a tsakiya inda ba mai gani. Amma na iya shi, kuma ban san wanda ya fi ni iya shi a zamanina ba. Wannan ba zan ɓoye ba don in yi kama da mai tawali'u.

A shekarar da nake ba ku labari, tambayar da muka sa gaba ita ce me ya sa ba a gano hawan jinin tsofaffin mata sai ɓarin jiki ya riga ya shanye. Muka zaɓi ƙananan asibitoci a Jibiya da Riko da Bugaje, aka ce in je in zauna a kansu tunda ƙasarmu ce. Abin da kowa yake alfahari da shi a lokacin shi ne kowane asibiti ɗan gari ne a cikinsa. An sha wuya kafin a kai ga haka, don a da baƙo ake turowa, ya yi wata biyu ya gudu. Yanzu ga ɗan unguwa, ya san kowa, kowa ya san shi, me ya rage? A ƙaramin asibitin da ke bayan gidanmu, mai kula da shi Sada ne, mijin Auta. Yaro mai hankali da tsabtar aiki. Muka kama aiki, masu goyo suna zuwa, 'yan kasuwar hatsi da direbobin manyan motoci suna zuwa, amma tsofaffin matan da muka zo dominsu sai ɗaiɗai. Muka yi ta kawo dalilai irin na 'yan boko, nisa ne, rashin abin hawa ne, jiƙe-jiƙen gargajiya ne. Ni kuwa ina faɗin haka da bakina, alhali daga tsakar gidanmu ana jin kukan jariran da ake yi wa allura a asibitin, kuma Yaya ba ta taɓa taka ƙofarsa ba.

Ga shi kuma ba lafiya gare ta ba. Ba sai na auna ba, ido ya ishe ni. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi yana barin shaida. Ta koma yin salla a zaune, ita da take yi wa masu yin haka dariya. Kullum ɗankwali a tamke a goshi kamar mai shirin dambe. Auta ta raɗa mini cewa ta taɓa yanke jiki ta faɗi kusa da murhu, ta ce santsi ne, alhali ƙasa a bushe take. Mahaifinmu da shanyewar jiki ya tafi, na ga yadda abin yake kwantar da mutum mai kuzari ya mai da shi sai an juya. Tsoro ya kama ni sosai. Wata rana da hantsi na ɗauko na'urar awo na shiga ɗakinta, na ajiye a gefen tabarma, na tsuguna ina gyara igiyar a hankali kamar mai kama tsuntsu. Ba ta dube ni ba. Ta ɗaga murya ta kira Auta daga waje.

"Auta! Taho ki ce ma likitarku ta kwashe kayan wasanta. Tabarmar salla ce wagga."

Na kwashe. Na fita na sami Sada a bakin asibiti na ce to shi ya gwada, tunda aikinsa ne. Ya dube ni kamar na ce ya hau rufin masallaci ya yi rawa.

"Haba Anti," ya ce. "Ni da nike tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa in gaishe ta ta bayan labule? In ce mata mi? Inna, naɗe hannun riga? Wallahi gara ki kore ni aiki."

Muka yi dariya, na tafi da abin yana cina a rai, amma ban ga komai a cikinsa ba sai taurin kan tsohuwa guda.

Bayan 'yan makonni na tashi zuwa Maraɗi, don akwai wani likita a can da muke so ya shigo binciken da asibitocinsa. Muka isa bakin iyaka muka tarar da layi. Kun san wurin, manyan motoci maƙare da buhunan masara sun toshe rabin hanya, masu jarkokin mai suna kutsawa ta ko'ina, 'yan kwastan a nan, 'yan duwan, wato kwastan ɗin ƙetare, da jandarmomi a can, ga zafi. Ina zaune a bayan motar aiki ina fifita da takarda, sai wani ɗan kabu-kabu mai babur ɗin haya ya zo ya tsaya daidai tagata yana jiran a ba shi hanya. A bayansa wata tsohuwa ce zaune a karkace, ta riƙe ƙarfen babur da hannu biyu, ƙafarta a kumbure cikin takalmin da ni na sayo shi daga Makka. Matar da take cewa motata tana sa ta jiri, ga ta a kan babur cikin hayaƙi. Idonmu ya haɗu. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ni kuma na sunkuya ina neman abin da ban ajiye ba a cikin jaka. Direbana ya leƙo ta madubi.

"Dakta, waccan kamar..."

"Kamar wa? Dubi gabanka, an buɗe hanya."

Babur ɗin ya wuce. Da na ɗago, sai na fara ganin abin da na sha wucewa ban gani ba. A bayan wancan babur tsohuwa ce, a wancan ma haka, wasu biyu-biyu, ba kaya a hannunsu balle a ce kasuwa za su. Ban san abin da na tattauna da likitan Maraɗi ba a ranar, kaina yana wani wuri. Ina dawowa na ja Auta bayan rumbu na ce ta gaya mini gaskiya ko in ɓata mata rai.

"Wurin lokotoro take zuwa, likitan can ƙetare," ta ce. "Tun bara. Ita da su Gwaggo Mairi."

"Ga asibiti a bayan ɗakinta?"

"Can ba wanda ya san ta. In an tambaye ta fitsari, sai ta faɗi. Nan kau wa za ta gaya ma? Surukinta ko ke?"

Ta ce ba kullum take zuwa ba, sai ta sami abokiyar tafiya. Magani yakan ƙare ta yi makonni ba ta sha ba, sai kai ya matsa mata sannan ta koma. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini zafi. Na yi shekaru ina karatu, na koyar da likitoci, ga uwata tana ratsa ƙasa biyu a kan babur don ta kai wa wani baƙo hannun da ta hana ni. Kishi na ji, irin na yara. Sai da na kwana biyu ina kumbure-kumbure kafin likitar da ke cikina ta farka ta ce, ke, ai amsar tambayarku ce ta wuce ta gaban tagarki.

A taronmu na gaba, ma'aikatan duka suna zaune a inuwar bishiyar bedi a Bugaje, na ajiye takardu gefe na ce ina da tambaya ɗaya. Na ce duk wanda ya taɓa auna jinin uwarsa, ko surukarsa, ko matar wan babansa, ya ɗaga hannu. Aka fashe da dariya, kowa yana nuna ɗan'uwansa. Dariyar ta yi ta raguwa har ta ƙare, ba hannu ko ɗaya a sama. Na ce to a ƙauyen da kake aiki, wace tsohuwa ce ba uwarka ba, ba surukarka ba, ba wadda ta yi maka wankan jariri ba? Sista Ladi, nas ɗin Bugaje, 'yar wani ƙauyen manoma ce da ke kusa, su Kiristoci ne, ita ta fara magana.

"Dakta, mu ma da muke zuwa coci haka abin yake. Uwar mijina in ta hango ni da farar riga, ta bayan gona take bi."

Dukanmu Hausawa ne, a cikin wannan kunyar aka haife mu, kowannenmu yana yin ta a gidansa safe da yamma. Amma da mun sa farar riga sai mu manta, mu zauna muna jiran tsohuwa ta zo ta gaya wa yaron da ta goya cewa tana tashi fitsari da yawa.

Ina cikin juya yadda zan rubuta wannan sai aka rufe iyaka. Kun tuna lokacin, motoci suka yi ta jibgewa a bakin hanya har albasa ta ruɓe a cikinsu. Matasa suna bi ta daji, amma dajin ba na tsofaffi ba ne, ga 'yan bindiga. Hanyar Yaya ta toshe, da ta duk waɗancan matan. Auta ta kira ni ta ce ƙwayoyin sun ƙare, Yaya kuma ta ƙi karɓar waɗanda aka ce daga hannuna ko na Sada suka fito, wai ita lafiyarta lau, wa ya ce tana shan magani? Ta ce da safe sai ta dafa bango take miƙewa.

Na tafi jami'a na sami shugaban sashenmu, malamina ne tun ina ɗaliba, mutumin kirki mai tsananin bin ƙa'ida. Na ce ina so a riƙa musanya ma'aikata rana ɗaya a mako. Na Jibiya ya tafi Riko, na Riko ya tafi Bugaje, ta Bugaje ta zo Jibiya, don kowace tsohuwa ta sami baƙon da za ta iya buɗe wa baki. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Kin san abin da kike cewa? In kika canza tsari a tsakiyar bincike, duk abin da kuka tara a shekarar nan ba zai haɗu da na gaba ba. Sai ki koma gaban kwamitin ɗa'ar bincike, sai ki rarrashi waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Takardar da za ki shiga neman farfesa da ita fa? Ki bari a gama yadda aka faro, sannan ki sa wannan a shawarwarin ƙarshe."

"Malam, kafin a kai shafin ƙarshe wasu sun kwanta."

Ya dube ni. Ya san gidanmu, ya san abin da ya ci mahaifina.

"Don ilimi kike wannan ko don mahaifiyarki?"

Na ce don duka biyun, kuma haka zan rubuta wa kwamiti, ba zan ɓoye ba. Ya girgiza kai ya ce tun ina aji uku ya san zan ba shi ciwon kai. Amma ya sa hannu, Allah ya jiƙansa. Kwamiti ya amince bisa sharaɗi, tunda mahaifiyata tana cikin waɗanda abin ya shafa, ba ni ba bayanan marasa lafiyar Jibiya, wani abokin aiki zai riƙa karɓarsu. Masu ɗaukar nauyi suka yi ta tsaki a waya, suka yarda da ƙyar. Aikin shekara guda ya tashi a banza ta fuskar takarda. Da lokacin ƙarin girma ya zo, ba ni da abin miƙawa, wani da na koya wa rubuta tambayoyin bincike ya riga ni hawa kujerar, har ya zo yana yi mini jaje da fuskar tausayi. Babanku da na gaya masa abin da na yi, ya ajiye cokali ya ce, "To. Kin jefar da kujera don tsohuwar da ba ta kiran sunanki. Allah dai ya sa ta je." Na ce amin, don ni ma ban da tabbas.

Sharaɗin kwamiti bai dame ni ba kamar wanda na ɗora wa kaina. Na san Yaya. Ko mala'ika aka kawo asibitin nan, in tana zaton maganar za ta zagayo ta iso kunnena, ba za ta je ba. Don haka na zauna a ƙofar ɗakinta, ita tana ciki tana jan carbi, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ari hanyarta. Na kira Auta na tsayar da ita a gabana.

"Auta, ki gaya wa mutanen gidan nan, duk Laraba Sada yana Riko, ni ma ba na garin nan. Wata baƙuwa za ta zauna a asibiti, ba ta san kowa ba a garin nan. Abin da aka gaya mata ba zai zo kunnena ba, ba zan tambaya ba, ba zan leƙa ba, har in mutu. Allah ne shaida."

Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ko kaza ba ta aiko mini da saƙo ba.

Larabar farko na bi Sada zuwa Riko. Mai unguwa ya riga ya sa an yi shela cewa baƙi ne yau a asibiti. Da farko shiru, har Sada ya fara kallona a kaikaice. Can sai ga wata tsohuwa da sanda ta leƙo, ta ƙare mana kallo, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na ce daga nesa nake. Ta ce madalla, ta zauna ta miƙo hannu, kafin in gama ɗaura na'ura ta zazzage mini ciwon da ta yi shekaru tana ɓoyo. Ta fita, ba a jima ba ta dawo da wasu. Kafin azahar benci ya cika, wasu suna zaune a ƙasa. Shekara guda ina zuwa garin nan ban san akwai tsofaffi haka a cikinsa ba. Na auna uwar kowa a Riko ranar nan, na sami waɗanda jininsu ya hau har sai da na sake aunawa don ban yarda da idona ba. Hannuna yana aiki, zuciyata tana bayan gidanmu.

Yaya ba ta je ba. Auta ta ce Yaya ta aiki Gwaggo Mairi ta zagaya asibitin ta dubo ko motata tana ɓoye a bayan katanga. Laraba ta biyu ma haka, aka sake aiken ɗan leƙen asiri. Ni kuwa kullum na shiga gida ƙafafunta nake fara kallo, in ga sun ƙara, in fita in rasa inda zan sa kaina. Sau da yawa na ji kamar in shiga in kama hannun nan da ƙarfi, ta yi fushin ta gama. Abin da ya hana ni shi ne na san ranar da na yi haka, ta rufe ƙofa ke nan, da ni da asibitin gaba ɗaya.

Daga Laraba ta uku Auta ta daina kawo mini labari, na kuma gane an ja mata kunne. Na haɗu da Sista Ladi a taron wata, na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, a ƙarshe na ce, "Komai dai lafiya a Jibiya?"

"Lafiya lau, Dakta," ta ce. "Batirin na'ura ne ya kusa ƙarewa."

Ta dube ni ido cikin ido, ko gezau. Ni na koya mata riƙe sirrin mara lafiya, ni na sha yi musu faɗa a kai, ga shi ta juyo da shi kaina. Na ji kamar in shaƙe ta, na kuma ji kamar in rungume ta. Na ba ta batir.

Da ido na ci gaba da bin lafiyar uwata, kamar kowace 'ya da ba ta je makaranta ba. Na ga shaidar takalmi ta ɓace. Na ga ɗankwali ya koma ɗaurinsa na ado. Wata la'asar na shigo gida na hango ta ta ƙofar ɗaki a tsaye tana salla, ta yi ruku'u ta ɗago ba ta dafa komai ba. Na koma zaure na zauna sai da ta sallame, don kada ta ga fuskata. Bayan nan ta rayu shekaru masu yawa da ƙafafunta, ta goya 'ya'yan Aliyu, ta je Makka ta yi ɗawafi ba a tura ta a keke ba. An buɗe iyaka daga baya, ba ta sake hawa babur zuwa ƙetare ba. Ladi ce likitarta har ƙarshe, kuma ko bayan rasuwar ban tambaye ta komai ba, ita ma ba ta faɗa ba. Alkawarin bai ce sai in Yaya tana raye ba.

Binciken muka sake shi daga tushe, ya fito, ya kuma fi wanda muka faro amfani nesa ba kusa ba. Mutanen gari suka sa wa ranar suna Larabar baƙi, wasu ƙananan hukumomi suka ɗauka, na yi shekaru ina zagayawa ina nuna musu yadda ake tsara musanyar don kada a tura mutum garin surukansa. Farfesa kuwa na zama, a makare, na kuma riƙe sashen har na yaye likitocin da yanzu suke riƙe da nasu. Kun je bikin, kun ci shinkafa, kun ga an rataya mini riga mai nauyi. Na ji daɗinsa, ba zan ce ban ji ba. Amma akwai abin da na samu tun kafin nan wanda ba ku sani ba.

Watanni kaɗan da fara musanyar, ina jami'a, ɗalibai suna tsaye a ƙofar ofishina suna jiran in duba musu aiki, sai Auta ta kira. Ta ce an hana ta kawo labarin asibiti, amma wannan ba na asibiti ba ne, a ƙofar gida aka yi shi. Wai da safen nan Yaya ta tara matan unguwa za su tafi wurin baƙuwa, ita ce a gaba kamar mai jan ayari. Wata maƙwabciyarmu ta tsaya tana noƙewa, ɗanta yana aikin share-share a asibitin, tana tsoron magana ta koma masa. Yaya ta juyo ta ce mata:

"Ke taho, shi ma an tura shi Riko. Ni nan na gwada su, ko tari na yi a ɗakin can ba ya fitowa waje. Wadda ta shirya abin ga ta san kunya. Ko ɗiyar wace ce, wadda ta haife ta ba ta yi asara ba."

Auta ta ce ita kuma don neman magana sai ta ce, "Inna, halan kin san ko wace ce?"

"Ina ni ina sani?" in ji Yaya. "Miƙo mani takalmina."

Na ce wa Auta ta maimaita, ta maimaita. Na sake cewa ta maimaita, ta ce katinta zai ƙare, ta kashe. Na tsaya a baranda da waya a hannu, mace mai shekara hamsin da 'ya'ya uku, hawaye yana zubo mini ina dariya, ɗalibai suna kallon ƙasa. Na buɗe ofis, na ce musu su dawo gobe.